Mahaƙan Faifai na Naraguta

Tun farkon ƙarni na 20, da Turawan kamfanin Neja suka kafa sansanin haƙar kuza a Naraguta, mutanen yankin nan suka saba ganin baƙo ya durƙusa yana tonon abin da 'yan gari ke takawa su wuce. Kuza ta ja baya, ta bar mana kududdufai. Haƙa kuwa tana nan, sai dai ta koma cikin gida: ƙarƙashin gado, saman sif, bayan buhunan masara a sito. Abin da ake nema yanzu tsohon faifan garmaho ne na kiɗan fank da sol, irin wanda samarin Najeriya suka yi ta bugawa bayan yaƙin basasa, musamman da James Brown ya zo Legas a 1970 ya bar matasa da ciwon ƙugu.

Jos tana da rabonta a ciki. Sahara All Stars ƙungiyar garin nan ce, kuma Bala Miller, mai waƙar "Ikon Allah", a Pankshin aka haife shi. Da kamfanin Strut na Ingila ya saka su duka biyu a tarin waƙoƙin da ya kira Nigeria 70 a 2001, Soundway kuma ya biyo da nasa tarin a 2008, sai faifan da kaset ya kora tun shekarun 1980 ya sake yin kasuwa. Kasuwa kuwa ba ta ci sai da 'yan kasuwa.

Babbansu shi ne Tsohon Gaye. Ya yi ritaya daga kamfanin kuza ko reluwe, gashin da ya taɓa tarawa ya tafi ya bar fili, amma tafiyar rangaji tana nan. Kowane faifai nasa da sunansa a jikin kwali, an rubuta da biro har wuri uku, domin a zamaninsu wanda ya kai faifansa fati bai sa suna ba, ya yi sadaka. Garmahonsa ba shi da allura tun mulkin Shagari. Wannan ba ya hana shi sa maka waƙa. Zai ɗauko faifan, ya hure ƙura, ya riƙe shi a ƙirji, sannan ya yi maka kiɗan da baki: ganga, jita, ƙaho, har da ihun mawaƙin. Duk makaɗin da ka ambata abokinsa ne. Bongos Ikwue? A gabansa aka yi kiɗan shirin Cock Crow at Dawn a gidan talabijin na Jos, shi ma ya ba da shawara. Ka ce, "Baba, nawa za a sallama wannan?" sai ya dube ka tun daga hula har takalmi, ya ce, "Yaro, kana da shekara nawa?" Daga nan ciniki ya mutu, labari ya tashi, sai an kira magariba. Na fi son sa da duk sauran, ko da yake kashi biyu cikin uku na abin da yake faɗa Allah kaɗai ya san gaskiyarsa.

Abokinsa na ƙuruciya shi ne Tubabbe. Tare suka kashe takalma a gidajen rawa, amma shi ya je Makka ya dawo, sahun farko ba ya wuce shi. Yana da tagwai a unguwar gaba, wanda ya zama dattijon coci. Dukansu biyu rantsuwarsu ɗaya: sun ƙone kayan shaiɗan tuntuni. Sai dai akwai wata akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu da ko uwargida ba ta san inda mabuɗinta yake ba. In mota ta wuce da kiɗan ƙungiyar Ofege, bakinsa na istigfari, babban yatsan ƙafarsa na bin ganga a cikin takalmi. Ba ya sayarwa, a'a, Allah ya kiyaye. Cewa yake a zo a raba shi da fitina. Kuɗin rabuwa da fitinar ne dai ba ya raguwa ko sisi.

Wanda ke zuwa raba shi da ita shi ne Dillali. Bai taɓa jin waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba, kuma ba ya bukata. Tambari yake karantawa: EMI, Afrodisia, Tabansi. Sauran aikin wayarsa ke yi, domin shafin Discogs yana nuna masa abin da aka biya a Landan ko Tokyo. A gidan marigayi, bayan sadakar arba'in, faifai tarkace ne mai tara kyankyaso, "Hajiya, don dai in rage muku kaya ne." Kafin ya kai Farin Gada, tarkacen ya zama abin da babu irinsa ko a Legas, kuma ai da tsohuwar zuma ake magani. Tun da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu a 2013, aka ji faifansa na asali yana kai ɗaruruwan daloli, duk kwalin da ke da hoton mutum da malafar kaboyi ya yi tsada a hannunsa, ko da waƙar coci ce a ciki. Faifan da ya sha karce kuwa, ɗan man takalmi ya isa ya sa shi ƙyalli. Mai saye zai gane in ya koma gida.

Sai Bature Mai Jaka, da ƙaramin garmahonsa mai batir da ƙyallen rufe hanci. Shi ne ke ba mutane mamaki. Maigida zai ɗauko masa abin da ya fi tattali, James Brown fes, Commodores ko ƙwarzane babu, da Jim Reeves da Don Williams waɗanda kusan kowane falo ya taɓa mallaka. Bature ya yi murmushi ya ture su gefe, don a garinsu irin waɗannan a banza suke. Sai ya zaro wani faifai da gara ta cinye rabin kwalinsa, na wasu yara da suka buga sau ɗaya suka watse, hannunsa na rawa, yana ƙoƙarin kada fuskarsa ta tona masa asiri. A yi masa adalci: cikinsu akwai masu bin sawun makaɗan ko magadansu, su nemi izini, su biya, kuma ba don su ba da wasu sunaye sun nutse. Akwai kuma masu cika jaka su hau jirgi, shi ke nan. Yanzu ma ya fi zama a gida ya turo wa Dillali hotuna ta WhatsApp.

Malam Na-Sani ya fi kowa wahalar zama. Galibi yana da alaƙa da jami'a, ko dai yana so a zaci haka. Ya san lambar kowane faifai, ya san bugun farko da na biyu, ya san mai juyi 33 da mai 45, ya san Elcados 'yan Kano ne, Funkees kuma daga Gabas suka fito suka ƙare a Landan. Ka kuskure shekara ɗaya, ka sayi lacca. Fayafayansa suna jere cikin leda, kuma ba a sa su, wai allura na cin faifai. Kiɗan da aka yi don a jiƙe riga da gumi, shi a tsaye yake kallon sa, hannu a baya. Ban taɓa ganin ƙafarsa ta motsa ba.

Ɗalibi kuwa daga hostal ɗin Naraguta yake gangarowa da kwamfuta a jaka. Garin da ya fitar da P-Square da M.I da Ice Prince ba ya rasa mai mafarki. Shi daƙiƙa takwas kawai yake so, inda kowa ya yi shiru aka bar mai ganga, ya yanka ya ɗora waƙarsa a kai. Kuɗi babu, sai "Kawu, aro za ka ba ni, gobe zan dawo da shi." Kada a ba shi.

Uwargida ta daɗe tana yaƙi da kwalayen nan. Rabinsu ta ba 'yan gwangwan ta karɓi robar wanki, wasu yara sun yi wasan mota da su. Ranar da ta ji farashin guda ɗaya da kunnenta, mabuɗin sito ya koma bakin zaninta. Dillalai sun fi tsoronta da maigidan.

Duk cikin taron nan mutum ɗaya ne ke jin kiɗan, shi ne Mai Gyara. Rumfarsa cike take da gawarwakin rediyo da lasifika. Ba ya tara faifai, bai san Discogs ba. Amma in ya canja bel, ya samo allura daga wani mataccen garmaho ya dasa, dole ya gwada, kuma gwajinsa ba ya ƙarewa sai waƙa ta ƙare ko an ɗauke wuta. A lokacin ne mai shayi ke rage surutu, ɗan acaɓa ya kashe inji, Tubabbe ya tsaya wai yana gyara takalmi. Makaɗan nan da masu kuɗi ke rububin kwalayensu, a bakin wannan rumfa kaɗai suke samun abin da suka yi aikin dominsa.

Mai karatu, in akwai irin kwalin nan a gidanku, a tsaye ake jera faifai, nesa da rana da danshi, kuma ba a goge shi da tsumman kicin. Kafin ka ce wa Dillali ka sallama, ka kai wa Mai Gyara ya juya maka ka ji abin da mahaifinka ya taka, sannan ka tambayi farashi wurin mutum biyu da ba su san juna ba.