Kunun Maƙwabciya da Giyar Filsen

Na san tun daga take wasunku sun fara a'uziyya, Malam kuma ya ɗaga mujallar da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. Ku kwantar da hankali, ba mashaya zan kai ku ba. A Yauri nake, jihar Kebbi, inda shari'a ta kama aiki tun 2000, kuma abin da ya fi kunun zaki ƙarfi bai taɓa ratsa maƙogwarona ba. Magana ce kan ɗanɗano, da ƙaryar da muke shara wa juna a kansa.

A garin Filsen na ƙasar Cek ta yau, a da gidaje masu izini ne ke dafa giya, kowa da tukunyarsa. Aiki ya lalace har a 1838 mutanen gari suka mirgino ganga 36 suka tuntsurar a gaban ofishin hukuma, kowa yana kallo. Ba wanda ya ce a rufa wa ɗan'uwa asiri. Masu izinin suka haɗa kuɗi suka gina masana'anta guda, suka ɗauko wani gwani daga Bafariya mai suna Josef Groll. A watan Oktoba na 1842 ya ɗora tukunyar farko da tsiron sha'ir da aka busar ba tare da ya ƙone ba, da ruwan garin mara gishirin ƙasa, da furen wata ciyawa mai ɗaci daga yankin Zatec, aka ajiye a ramuka masu sanyi. Abin ya fito garau, launin zinariya. Ita ce pilsner, wadda yawancin giyar kwalba ta duniya ke bin sawunta har yau.

Na ji Hajiya tana cewa, "To mu ina ruwanmu da kayan maye?" Ranki ya daɗe, Maltinar da kika raba katan-katan ranar walimar 'yarki, wa ya yi ta? Nigerian Breweries, tun 1976. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma kan dawar da manomanmu na Arewa ke nomawa. Halal ce, sha abinki, amma ki sani tsiro ne uwarta.

Tsiron nan kuwa kin fi Groll saninsa. Mai kunun zaki a Yelwa tana jiƙa gero, ta niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa kaso mafi yawa tafasasshen ruwa. Sai ya ɗan huce ta haɗa da ɗanyen da tsiron shinkafa ko busasshen dankali, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fito ba da ko ƙwayar sukari ba, domin tsiro yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Turawa suna yin wannan da ma'aunin zafi, wajen digiri 65. Iya tana yi da bayan hannu. Matan Kambari masu riƙe da al'adar gargajiya a ƙauyukan Ngaski su ma daga nan suke farawa da jar dawa, sai su dafa su bar shi yis ya cinye zaƙin ya zama burkutu. Ke ma ki manta da kununki kwana uku cikin zafin Afrilu na bakin Kainji, ki ga ko ba zai fara kumfa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka yi bayani kan jiƙon dabino da zabibi idan ya jima.

Ga inda masu giya suka fi mu, kuma ku yi haƙuri. Mai burkutu ba ta karɓar kuɗi sai an ɗanɗana, in bai yi ba mai saye ya faɗa a gabanta ya wuce gaba. Wadda ta dafa wa 'yan gayya lami, baɗi mijinta zai yi noma shi kaɗai. A Amurka ma, tun da Jimmy Carter ya sa hannu a dokar halatta dafa giya a gida a 1978, masu yi suna kai wa juna kwalba, a gasarsu kuma ana ba da maki bisa 50: ƙanshi 12, kama 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, gamsuwa 10. Sun ce pilsner ta fi kowace tona asiri, don ba ta da duhu ko kayan yaji da kuskure zai laɓe a bayansu.

Mu fa? Da azumi maƙwabciya ta aiko yarinya da jug. Ka kurɓa, tsami ya tsinke maka kunne. Ka haɗiye da ƙyar ka ce, "Ki gaida Ummanki, ki ce ya yi daɗi, Allah ya ƙara arziki." Yarinya na fita, awaki su samu buɗa-baki. Baiwar Allah tana can tana murna, gobe ta ƙara aikowa, jibi ta ɗura a robobi ta kai kasuwar Yauri, ta dawo da kayanta da yamma tana zargin mahassada. Wa ya cuce ta in ba kai ba, Alhaji?

Za ku ce kyauta ba a raina ta, zumunci ya fi kunu. Na yarda, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba cewa na yi ku tuntsurar da kunun mutane a ƙofar fadar Sarkin Yauri ba. Yaba abin da ya yi, sannan ka faɗi aibi guda tare da maganinsa. In ya yi kauri babu zaƙi, ƙullun yana da zafi ƙwarai aka zuba tsiro, zafin ya kashe shi. In tsami ya yi yawa, kwanan ya zarce, ko roba ba ta wanku ba. In yana maƙale a maƙoshi, matacin ne ya gaji. In sukari ne kaɗai ke magana, an ɓoye wani abu a ƙarƙashinsa. "Yaya, cittar nan ta zauna daidai, gobe ki bari ƙullun ya ƙara hucewa." Wace mace ce za ta yi fushi da wannan? To, akwai, amma fushin kwana biyu ne, ranar na uku jug zai dawo don a nuna maka an iya.

Masu shirin rubuto min wasiƙar wa'azi, bisimilla, sai dai kowa ya haɗo da kunun gidansa. Zan ba da maki bisa 50 a wannan shafi. Wanda na ji sukarin kanti a nasa, daga 20 zai fara ƙirge, yana gangarowa.