Abin da Direba Ya Gani a Gonakin Inabi

Shekara uku na yi ina karatu a Stellenbosch, wani gari mai nisan kusan kilomita 50 daga Cape Town a Afirka ta Kudu. Ban cika wata biyu ba abokan karatuna suka gano wata baiwa da ni kaina ban san ina da ita ba: ba na shan giya, kuma ina da lasin tuƙi. A garin da gonakin inabi suka yi wa zobe, mutum irin wannan ya fi zinariya tsada. Duk Asabar sai an ƙwanƙwasa mini ƙofa. Su zuba mai, su saya mini abincin rana, ni kuma in kai su yawon ɗanɗana in dawo da su da ransu. Na san akwai mai cewa ai wanda ya kai mutum wurin ma yana da nasa kason. Na ji, kuma mun sha wannan muhawara ni da zuciyata a kan hawan Helshoogte. Abin da dai na samu shi ne kujerar ɗan kallo, da kofin ruwan sanyi a gabana, da ido garau a lokacin da na kowa ya fara lumshewa.

Sarkinsu duka shi ne Mai Hanci. Kowace tawaga tana da nata, tamu kuwa Allah ya ba ta babba. Ba ya riƙe kofi kamar sauran bayin Allah, sai ta siririyar ƙafarsa, da yatsu uku, wai kada zafin hannu ya ɓata abin da ke ciki. Zai karkata kofin a kan farin mayafin tebur ya ƙura masa ido kamar likita yana duba hoton ƙirji. Sai ya shiga juyawa. Yana juyawa yana magana, yana juyawa yana sauraro, har na taɓa kama shi yana juya kofin ruwana da ya ɗauka bisa kuskure. Daga nan ya cusa hanci har karan ya ɓace, ya rufe ido, tebur ya yi tsit. Mu duka mu zauna muna jiran fatawa.

"Baƙar ceri," in ji shi a hankali. "Da ɗan ganyen taba. Can ƙasa kuma, fatar sirdi."

Fatar sirdi! Ni da na taso ina wucewa ta majema a Kano na san warin fata ciki da bai, kuma ban taɓa ganin wanda ya ce a tsiyaya masa a kofi ba. Wata rana ya ce yana jin jiƙaƙƙen dutse. Na tambaye shi yaushe ya lashi dutse. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa maraya.

Sai a zo kurɓa. Ba ya haɗiyewa nan take. Zai tara abin a baki, ya tsuke leɓe, ya zuƙi iska ta cikinsa da wata irin ƙara, kamar tsoho yana kurkurar baki a wurin alwala, sannan ya sunkuya ya tofar a bokitin da aka ajiye don haka. Daga nan ya ɗaga yatsa ɗaya, kada kowa ya yi magana, yana ƙirga daƙiƙun da ɗanɗanon zai yi kafin ya bar harshensa.

Abin haushin shi ne ba duka maganarsa ce shirme ba. Masu zuba musu, waɗanda yawanci sun fi shi sani nesa ba kusa ba, abu ɗaya suke ta faɗi: giya mai kyau ita ce wadda tsami da zaƙi da ƙarfin barasa da bauri suka zauna lafiya, babu wanda ya danne wani. Baurin daga ɓawon inabi da 'ya'yan cikinsa yake fitowa, dangin wanda goro ko shayin da ya daɗe a wuta ke bari a baki. Kurangar da ta sha wuya a kan gangaren dutse, inda ƙasa ba ta da ƙarfi, takan ba da ƙananan 'ya'ya masu cikakken ɗanɗano, wadda aka shagwaɓa da ruwa da taki kuwa sai yawa babu armashi. Iskar teku da ke busowa daga False Bay tana sanyaya gonakin, sai inabin ya nuna sannu a hankali ba tare da tsaminsa ya gudu ba. Gangar katakon da ake tsima giyar a ciki, mai cin lita 225, daga Faransa ake yawan kawo ta, domin itatuwan oak da suka cika titunan Stellenbosch suna saurin girma, katakonsu ba ya riƙe ruwa. Duk wannan yarinyar da ke zubawa za ta fara bayani, sai Mai Hanci ya tari numfashinta ya ƙarasa mata, da kuskure ɗaya ko biyu. Misali, ya rantse cewa ɗigon nan da ke gangarowa a jikin kofi bayan an juya alamar inganci ne. Alamar yawan barasa ce kawai, ita ma ta sani, amma ta yi murmushi ta bar kaza cikin gashinta.

Labarin Pinotage kuwa na haddace shi kamar karatun allo. Kowace Asabar sai ya biya mana cewa a 1925 wani farfesa na jami'armu, Abraham Perold, ya aurar da inabin Pinot noir da Cinsaut aka samu wannan iri. Gaskiya ne. Amma gaskiyar da aka maimaita maka sau arba'in a cikin mota tana iya sa ka so ka tsaya ka sauke mai faɗinta.

Ranar da asirinsa ya tonu, wani daga cikinmu ne ya musanya masa kofuna biyu lokacin da ya je kewayawa: giya mafi araha a wurin mafi tsada. Ya dawo ya shaƙi mai arahar, ya dafe ƙirji, ya ce wannan ita ce dalilin da ya sa aka halicci inabi. Mai tsadar kuma ya ce yarinya ce, ba ta san inda ta dosa ba. Da aka fashe da dariya ko gezau bai yi ba, sai borin kunya: ai kwalbar ba ta gama shan iska ba. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba. A 2001 an yi wa ɗalibai 54 masu karatun harkar giya a Bordeaux irin wannan tarko, aka rina musu farar giya ta koma ja, suka yi ta siffanta ta da kalmomin ja. In waɗanda suka biya kuɗin makaranta sun faɗa rami, ina ga namu da ya koya a YouTube?

Yana da ƙane, wato Ɗan Faransa. Wannan sau ɗaya ya taɓa zuwa Paris, kwana huɗu, amma duk abin da aka zuba masa sai ya taɓe baki ya ce ba laifi, sai dai a can ba haka ake yi ba. A Franschhoek ma ya faɗa, garin da Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka zauna tun 1688, har sunansa ke nufin lungun Faransawa. Maganinsa ɗaya ne: ka tuna masa da gasar Paris ta 1976, inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin kwalba ba, suka ba giyar Kalifoniya na ɗaya a fara da ja. Zai yi shiru na minti goma.

Sarauniyar Hoto ba ta zo shan komai ba. Kofin kayan ado ne, kamar jaka. Ni ne mai ɗaukarta, tunda hannuna ne kaɗai ba ya rawa, kuma dutsen Simonsberg bai taɓa tsayawa inda take so ba.

Akwai Ba-a-asara, wanda yake ganin bokitin tofarwa a matsayin cin amanar kuɗinsa. Nasa ya shanye, na maƙwabci ya taya shi. A gona ta farko mutumin kirki ne. A ta uku yana son kowa, yana so ya rungumi kare. A ta huɗu ni nake ɗaura masa bel.

Akwai ɗan ƙasarmu Mai Kalkuleta, wanda kowane farashi sai ya mayar da shi naira da ƙarfi, ya sanar da tebur buhun shinkafa nawa ke cikin kwalbar nan. Akwai kuma wanda cuku da busasshen biskit kaɗai suka kawo shi. Wannan ba zan yi masa tsiya ba, don faranti ɗaya muke ci.

Sai Ɗan-kurɓa-kawai, mai neman lada a kaina. "Haba ɗan'uwa, ai ba sha za ka yi ba, tofarwa za ka yi." In na ce a'a, sai ya koma malami: ai inabi ne, inabi kuwa halal ne. In na sake cewa a'a, sai ya rage murya ya ce ba wanda zai sani. Na lura da abu ɗaya game da shi: wa'azinsa yana ƙarewa ne daidai lokacin da na ciro makullin mota na ajiye a kan tebur na tambaye shi wa zai tuƙa.

Duk waɗannan ina tuna su da dariya, wasu ma har yau muna gaisawa. Akwai ɗaya da ba na yi masa dariya.

A tsofaffin gonakin yankin za ka ga wani ɗan gini fari fat mai baka, da ƙararrawa rataye a tsakiya. Kyakkyawa ne a hoto. Da ita ake kiran bayi su fito aiki. Tun da aka matse inabin farko a Cape a 1659, aka kafa Stellenbosch a 1679, hannun bayi ne ya raya gonakin nan, mutanen da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, waɗanda da yawa daga Musulmin Cape Town na yau jikokinsu ne. An soke bautar a 1834, aka sake su a 1838, sai aka ci gaba da biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop. Doka ta hana shi a 1960, amma ya kai shekarun 1990 ana yi a wasu gonaki, kuma har yanzu yankin yana cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da lahanin barasa a duniya. A 2012, da ma'aikatan gona suka yi yajin aiki a De Doorns, mafi ƙarancin ladan yini rand 69 ne, kuɗin da a wasu wuraren bai kai na zaman ɗanɗana na mutum ɗaya ba.

To, wata Asabar a watan Fabrairu, tsakiyar girbi, rana tana dukan ƙeya, wani baƙo da aka haɗa mu da shi ya sha kofi biyar ya hango ƙararrawar. Ya ruga ya kama igiya ya shiga kaɗawa, yana ihu a ɗauke shi bidiyo, yana cewa kowa ya fito aiki. Can cikin layukan inabi wata dattijuwa da ke yanka da almakashi ta miƙe tsaye, ta dafa ƙugu, ta dube shi. Ba ta ce komai ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sunkuya ta ci gaba da cika kwandonta. Shi kuwa ya dawo tebur yana haki, ya kaɗa wa mai zubawa yatsu kamar mai kiran kare, ya ce a ƙaro. Wannan mutum ya san shekarar da aka yi kowace kwalba, bai taɓa tambayar sunan wanda ya miƙa masa ita ba. A hanyar dawowa ban kunna rediyo ba, ban kuma yi masa magana ba. Asabar ta gaba na ce in yana ciki, su nemi wani direban. Ba su nema ba.

Saura mutum ɗaya a teburin, wanda yake zaune a gefe yana yi wa kowa kallon raini, yana ganin shi kaɗai ne mai hankali. Shi ma ana zuba masa nasa: zallan ruwan inabi marar barasa. Da farko yana shanyewa ne kamar ruwan leda. A shekara ta biyu ya fara cewa na inabin hanepoot ya fi ƙanshi amma zaƙinsa ya yi yawa. A ta uku an ji shi da kunne yana tambayar wata baiwar Allah ko na wane gangare ne.

Da na dawo Kano, washegarin saukata, Inna ta miƙo mini zoɓo mai sanyi a kofin gilashi. Ban san lokacin da na ɗaga shi sama wajen hasken taga ba. Na karkata shi. Na juya sau uku. Na cusa hanci na lumshe ido.

"Citta," na ce. "Da kanumfari. Can ƙasa kuma akwai ɓawon abarba."

Inna ta ajiye tsintsiya.

"Ƙuda ne ya faɗa ciki?"

"A'a Inna, ƙanshin nake saurara."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta dubi ƙanena da ke raɓe a bakin ƙofa yana haɗiyar yawu.

"To in ka gama saurare, miƙa wa yaron nan. Shi da baki yake sha."