Etin Ba Sunan Aljani Ba Ne

Ka ce sunayen da yaronka ke haddacewa don jarrabawar WAEC, su etin da furofin da butin, sai ka ce ana kiran aljanu? Haba Alhaji! Ai da su kake kwana, da su kake tashi. Ledar da aka ƙulla maka tsire a kasuwar Illela, da etin aka yi ta. Jarkar ɗan bumburutu ma haka. Buhun da ka zuba gero kuwa, jikan furofin ne.

Ka ce wa ya raɗa, ba a ko aiko maka da goro ba? Ka makara. A Janiba aka yi taron, tun 1892, yanzu kuma ragamar na hannun ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919. Shi ya sa ɗalibin Ƙonni mai Faransanci da naka mai Turanci suna ɗaya suke kira, lafazi ne kawai ya raba su.

Ka ce sunan ba ya nufin komai? Kai da kana jin Ɗanladi ka san ranar kasuwarku aka haife shi! Kan sunan ƙidayar kabon ne: met ɗaya, et biyu, furof uku, but huɗu. Wutsiyar ce ke tona yadda aka ɗaure su. In "an" ce, ɗauri ɗaya-ɗaya ne, irin butan na tukunyar gas. In "in" ce, to akwai inda aka ninka ɗaurin.

Ka ce ka gano, butan daga buta ne? Ajiye butarka, Alhaji. Sunan man shanu ne da Girkanci, don a cikinsa aka fara samo wani asid mai kabon huɗu.

To, tunda ka ƙware, ina metin? Ka ce tana nan? Faufau! Ninkin ɗauri sai tsakanin kabon biyu, shi kuwa met gwauro ne.

Saura lamba. In kabon huɗu suka jeru, ninkin na iya faɗawa a baki ko a tsakiya, sai a ce but-1-in ko but-2-in. Ka ce ga but-3-in ka samo? Zagaya ka ƙirga ta ɗaya bakin, ta farkon ce ta ba ka baya. Daga bakin da ya fi kusa da ninkin ake fara ƙirga, ƙaramar lamba ce ke ci. Na san nan ne zai yi maka ciwo, kai da ba a taɓa jin ka sallama a ƙaramin farashi ba.