Alhaji, Wa Ya Sayi Wayar?

Tun da aka fara zancen manhajojin waya masu koya wa matasa sha'anin balaga da lafiyar haihuwa, wasu masu karatunmu suka murtuke fuska, wai an sake ɓullo da sabuwar hanyar lalata mana 'ya'ya. Sannu da fushi, Alhaji. Gyara zama mu ɗan taɓa.

Wayar da ke hannun Abba, wa ya saya? Kai ne, tukuicin cin jarrabawa. Kai kuma kake zuba mata data. To in ka hango haske cikin bargonsa ƙarfe ɗayan dare, tilawa kake zaton yana yi? Malamansa suna nan birjik, ba wanda ya nemi izininka: mai tallar kayan mata a TikTok, marubuciyar littafin batsa da ake rabawa shafi-shafi a WhatsApp, sai babban shehinsu, abokin nan nasa na bakin layi da ya rantse masa cewa ba a ɗaukar ciki a karon farko, in ma an ɗauka ruwan kanwa ya isa. Duk waɗannan ba su dame ka ba. Sai da aka ce ga wata manhaja da ma'aikatan lafiya suka duba abin da ke ciki, sannan hawan jininka ya motsa.

Ga kuma motar mai maganin gargajiya a bakin tasha, lasifika biyu a kanta, tana ambaton kowace gaɓa da sunanta na yanka, ba sakaye ba kara. Kuna wucewa da yara a bayan mota, ba ka taɓa cewa Turawa ne suka turo shi ba. An ma ce akwai ranar da ka rage gudu. Ni dai ban gani ba.

Za ka ce mu masu kunya ne. Haka ne. Amma wa ya biya maka Ahalari? Kana ɗan yaro ka zauna gaban malam, ya fassara maka bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya shiga babin haila ya gaya maka cewa mai farawa iyakar kwanakinta 15, ya wuce zuwa jinin biƙi, bai ko tari ba. Risala ma haka, Ishmawi ma haka. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta tambayi hukuncin mace in ta yi mafarki, ya ba ta amsa. Nana A'isha kuwa yabon matan Ansar ta yi saboda kunya ba ta hana su neman sani. Sai dai littafin fiƙihu tsarki yake koyarwa. Ba aikinsa ba ne ya gaya wa yarinya wane irin ciwon mara ne na zuwa asibiti, ko cewa ƙaiƙayin da ake ta dirka wa "maganin sanyi" gwaji yake buƙata.

Na ji Hajiya daga ɗaki tana cewa ita za ta gaya wa 'yarta da bakinta. Madalla. Mun san darasin, jimla ɗaya ce tak: "Kin girma yanzu, duk namijin da ya taɓa ki ciki za ki yi." Shi ke nan, an tashi daga makaranta. Baiwar Allah ta shiga A Daidaita Sahu, gwiwar wani ta gogi tata, ta yi mako tana kuka a ɓoye.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A Bauchi kashi 41. "Ai aure suka yi," in ji ka. Allah ya ba da zaman lafiya. Amma igiyar aure ba ta koya wa amarya muhimmancin awon ciki, ba ta gaya mata cewa doguwar naƙuda a gida ita ke jawo yoyon fitsari. Je ka asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, yawancin waɗanda ke kwance da sadakinsu aka kai su ɗaki.

Ku kuma masu ƙera manhajar, ku daina murmushi, layinku ya zo. Kun zauna a Abuja cikin sanyin na'ura kun rubuta komai da Turanci, wace yarinya ce za ta karanta a ƙauyen Ringim? Wayar da take taɓawa ta yayanta ce, 'yar rakani-kashi, aro take yi minti biyar yana tsaye a kanta. Tsarin aika tambaya ta gajeren saƙo da ƙungiyar Education as a Vaccine ta daɗe tana gudanarwa ya fi kusa da ita a kan wata manhaja mai lashe data. Ku sa Hausa, ku sa murya don wadda karatu bai zauna mata ba, ku nuna wa ungozoma da malamin Islamiyya kafin ku saki, ku daina zana yarinya da ɗan wando a shafin farko sannan ku zo kuna mamakin an kore ku.

In an yi haka, Alhaji, sai ka karɓi wayar ka fara dubawa da kanka, a matsayin mai sa ido. Ba wanda zai tambaye ka dalilin da ya sa ka daɗe a shafin matsalolin maza.