Jaruman Ranar Yerwa, Ga Ƙarfe Biyu a Kan Tebur

Na san halinku, mutanen Yerwa. Da zarar mutum ya ɗauko zancen zafi sai ku gyara zaman hula, ku dube shi ta wutsiyar ido, wai wane ne wannan zai koya mana zafi, mu da ma'auni ke haura digiri 40 a watan Afrilu mu ce yau da dama-dama? To, na sallama. Ko abokan wasanku Fulani sun yarda Babarbare ya iya shan rana, ko da yake su cewa suke yi rashin sanin hanyar inuwa ne. Ni ba ruwana, ku ƙarata can.

Abin da ya kawo ni wani akwati ne da ke zaune a lungun ɗakin gwaje-gwaje na masu karatun injiniya, bai fi ƙaramin firji girma ba, fentinsa fes, ba hayaƙi ba ƙara. Duk wanda ya yi darasin sarrafa ƙarfe, ko a Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama tun 1975, ko a kwalejin fasaha ta Ramat, ya san darasin da ake yi da irinsa. Tanderun horon ƙarfe ke nan. Cikinsa na kaiwa digiri 1,100, wani ma 1,200. Arba'in ɗin nan taku da kuke tunƙaho da ita, a wurinsa ko ɗumamen tuwo ba ta isa ba.

Aikinsa ba ɓoyayye ba ne. A ɗauki ƙarfe mai matsakaicin sinadarin kabon, a kai shi wajen digiri 850, a bar shi har zafin ya ratsa cikinsa, sannan a tsoma shi cikin ruwa ko mai da sauri. Zai fito da tauri, amma da gautsi kamar kwalba. Sai a mayar da shi tanderu a zafi mai sauƙi, tsakanin 200 da 600 gwargwadon abin da ake so, don ya sauke fushi ya daina karyewa. Shi ke nan.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Haba Malam, ai wannan ban ruwa ne. Baba maƙerin unguwarmu shekara arba'in yana yi da sifirin ɗin mota, yana fitar da wuƙa da gatari da lauje, ba safar hannu ba gilashin fuska, ga shi nan garau. Ku 'yan boko ne kuke mayar da tsinke taɓarya."

Gaskiyarka, ɗan'uwa, ban ruwa ne, kuma Baba ya riga mu. Ni ma a gabansa durƙusawa nake yi. Mutumin da zai kalli jan ƙarfe a cikin duhun rumfa ya san ya nuna, alhali mu sai mun manna masa maganaɗisu mun ga ya ƙi kamawa kafin mu ce ya wuce 770, ba abin rainawa ba ne. In ya goge wuƙa ya sake ɗora ta a wuta, yana kallon launi na tafiya daga ruwan ƙasa-ƙasa mai haske zuwa shuɗi, abin da littafi ke kira wajen 230 zuwa 300 yake karantawa da ido. Sai dai ka je ka ce ya naɗe maka hannun riga ka ƙirga tabo. Sannan ka lura da abu guda: Baba yana ganin wutarsa. Yana jin numfashin zugazugi, yana ganin gawayi na ci, in yaro ya daina zuga wutar ta kwanta a gaban idonsa. Tasa wutar mai gaskiya ce, in za ta ci ka sai ta yi sallama. Ta cikin akwatin nan kuwa munafuka ce. Tana bayan ƙofa, ba ta da harshe, ba ta da wari, lamba kawai take nuna maka a ɗan allo, lambar ma wani lokaci ƙarya ce. Duk dokokin da kuke yi wa dariya, ba komai ba ne illa aron ido ga wanda aka hana gani.

Na san kuma akwai masu cewa gidansu gidan ƙira ne, an ba su maganin wuta tun suna goye. Madalla. Na sha ganin wasan wuta na maƙera, ban kuma ce komai ba. Amma ban taɓa jin an raba maganin tare da takardar shiga jami'a ba, kuma ɗaliban da ke tsaye kusa da kai 'ya'yan malamai ne da 'yan kasuwa.

Bari in tona wa kaina asiri, tunda ku ba za ku tona naku ba. Ƙarfe ba ya fara nuna ja sai ya haura wajen digiri 500, shi ma sai a wuri mai duhu. Ƙasa da haka baƙi ne wuluk, kamar wanda ya kwana a sanyin Disamba. Ina ɗalibi, a wani ɗakin gwaji da ba zan ambata ba, na tarar da 'yan gutattsarin ƙarfe a jere kan bulo, na ga ɗaya ya karkace daga layi, sai tsabar son gyara ta sa na kai yatsu biyu. Ban yi ihu ba, don akwai 'yan mata a wurin. Amma sati biyu da hagu nake cin tuwo, ana yi mini kallon marar tarbiyya. Tun daga ranar, duk ƙarfen da ke kusa da tanderu mai zafi ne a wurina har sai an kawo shaidu, kuma in na fitar da nawa sai na rubuta "da zafi" da alli a jikin bulon.

Mu zo kan sutura, inda na san za a fi jin haushina. Alhaji, babbar rigar nan ta yi kyau, hular Zanna Bukar ta zauna, amma ka rataye rigar a waje. Hannun riga mai faɗi shi ke fara gaisawa da bakin tanderu. Hajiya, lafayarki ta haɗu, ƙamshin humra har ƙofa, sai dai gefen da ke lilo a naɗe shi a cusa cikin rigar aiki. Ba wanda ya ce ki tuɓe lulluɓi. A samu na auduga mai kauri wanda ba ya reto. Yadin roba irin su foliyesta narkewa yake yi tun wajen digiri 250, ya manne wa fata, a asibiti sai an ɓamɓare shi. Silifas kuwa, ka tuna awartaki kan suɓuce, kuma abin da ya suɓuce ƙasa yake nufa, inda yatsunka suke shan iska. Safar hannu ta fata doguwa, busasshiya. Na nanata busasshiya, domin wanda ya jiƙa safarsa wai don ta yi sanyi ya dafa hannunsa da tururi ne da kansa. In za ka buɗe ƙofa ka tsaya a gefe, ka sauke gilashin fuska, ka ɗauko abin da ka zo ɗauka ka rufe. Ba talabijin ba ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ɗakin ma ba tanderun ba ne, bokitin man da ke gefensa ne. Nan ne masu tsimi ke shigowa: me ya sa za a sayi man ban ruwa da tsada ga baƙin mai kyauta a garejin Baga Road? Saboda baƙin man nan ba ka san abin da ya sha ba. Akwai ragowar fetur, akwai ruwa kwance a ƙasansa. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura sama da ninki 1,600, don haka cokali guda a gindin bokiti ya isa ya tunkuɗo tafasasshen mai waje lokacin da jan ƙarfe ya sauka. Ko man kirki ne, tururinsa kan kama wuta a wajen digiri 200, kai kuma ƙarfen 850 kake tsomawa. Dabarar ita ce ka nutsar da shi gaba ɗaya a tashi guda, kana motsa shi a ƙarƙashi. Mai tsoro, wanda ya tsoma rabi ya tsaya yana karanta addu'a, shi ke kunna wuta, don rabin da ke sama ashana ce a kan hayaƙin mai. Bokitin na ƙarfe ne mai murfi, man ya ninka ƙarfen yawa sosai. In ta kama, murfi ko yashi ko tukunyar kashe gobara. Ruwa a kan wutar mai sai dai ya raba ta ga maƙwabta. Garin da ya wayi gari a Fabrairun 2023 ya ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Monday ba ya buƙatar in ja wannan zancen.

Sai abin da ake cusawa cikin tanderun. Bututun ruwa mai farin shafe, tutiya ce a jikinsa, tana tafasa a 907, farin hayaƙinta na sa zazzaɓi da dare har ka ɗora wa sauro laifi. Ƙarfe mai rami da aka toshe bakinsa biyu bam ne ka haɗa. Mai fenti da mai maiƙo a wanke su tukuna. Wanda kuma ke ɗumama ƙosansa a ciki da safe, na san kana karantawa, Allah ya shirye ka.

Yanzu ga babbar hujjarku, wadda kuke ajiyewa sai ƙarshe: "Wace wutar? Tanderun lantarki a Maiduguri? Ai NEPA ta riga ta yi mana maganin haɗarin." Na yi dariya, don akwai gaskiya a ciki. Ba mu manta Janairun 2021 ba, da aka tarwatsa turakun layin wutar Damaturu gari ya shiga duhu, aka gyara a Maris aka sake kayar da su cikin 'yan kwanaki, daga baya aka gina tashar gas ta megawat 50 aka buɗe a Maris 2023. Amma ku dubi yadda abin ke juyewa. Ƙarfe biyu na rana an ɗauke wuta, tanderu na kan 900. Ɗalibai suka yi tsaki suka watse, ba wanda ya kashe makunni, don me za a kashe abin da ya mutu? Wani ya jingina kwalin littattafai a jikinsa. Ƙarfe ɗayan dare wuta ta dawo, ba kowa sai maigadi da rediyonsa. A garin da wuta ba ta ɗaukewa, ba a manta tanderu a kunne, don ana ganin fitilarsa. A namu garin ne yake yin mutuwar ƙarya. Kuma ko bai farka ba, bulon cikinsa kan riƙe zafi har washegari. Shi ya sa ake kashe shi daga bango, a rubuta a littafin aiki wane ya kunna, wane ya kashe, ƙarfe nawa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Na'urar da ke yanke wa tanderu wuta in zafi ya kai inda aka ce, in ta lalace sau da yawa a kunne take maƙalewa, sai ya yi ta hawa ba birki. Don haka tanderun kirki ke da mai gadi na biyu, wanda aikinsa kawai ya datse wuta in an wuce iyaka. In naku ya mutu kuka haɗe wayarsa kai tsaye "kafin a kawo sabo", to kun san shekara nawa ke nan ana kawo sabon. Haka ɗan makunnin ƙofa da ke yanke wuta in an buɗe: wanda ya cusa masa tsinke don kada zafi ya sauka, ya sani wayoyin zafin nan masu ja da ke cikin tanderun tsirara suke, awartakinsa kuma ƙarfe ne.

Ruwa ma abokin gaba ne, ko da tanderun na kashe. Bulon ciki yana shan danshi kamar soso. Bayan damina, ko bayan dogon zama irin yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, ba a tashinsa a guje. A riƙe shi wajen digiri 200 na wasu awoyi, danshin ya fita a hankali, sannan a hau. In aka yi gaggawa tururi ya tsattsaga bulon daga ciki. Tanderun kuwa da ruwan madatsar Alau ya taɓa a ambaliyar 10 ga Satumba 2024, ranar da kogin Ngadda ya shiga Gwange da fadar Shehu da gidan zu na Sanda Kyarimi, wannan ba shanya shi a rana za a yi kamar tabarma a ce ya bushe ba. Sai mai aikin lantarki ya buɗe ya auna, ya tabbatar wayar ƙasa na nan da ranta, kafin a kusanci soket.

Sauran kula ƙanana ne, su ne kuma aka fi raina wa. Ɓawon da ke zubowa daga jikin ƙarfe, in ya taru yana cin wayoyin zafi, don haka a ɗora aiki a kan faranti, a kwashe ɓawon in tanderu ya huce. Wayoyin da suka sha wuta gautsi gare su, ba a lanƙwasa su. Farin abin nan mai kama da auduga da aka lulluɓe cikin wasu tanderun da shi, ƙurarsa ba ta huhu ba ce. Kada ka hura da baki kamar mai tashin garwashi, ka sa takunkumi. Ƙurar hunturu ta ishe mu. Sai ɗan tsinken da ke auna zafin ciki, wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu, kuma tsufa na sa shi ƙarya kamar yadda yake sa wasunmu ƙarin gishiri a labari. Allo na cewa 850, ciki ya wuce haka ko bai kai ba, ɗalibi ya kwana yana zargin lissafinsa. A riƙa gwada shi da wani ma'aunin lokaci-lokaci.

Har yanzu ina hango wani a layin baya ya harɗe hannu, yana murmushin "duk mun ji". To Malam, matso. Ga gutsuren ƙarfe biyu a kan tebur, girmansu ɗaya, baƙinsu ɗaya. Ɗaya tun jiya yake nan. Ɗayan yanzu na fito da shi a digiri 400, na kuma manta wanne ne. Kai da ka sha ranar Afrilu arba'in a Yerwa, bismillah, miƙo mini na jiyan. Ga awartaki nan rataye a bayanka, in kana so. Ba zan gaya wa Fulani ba.