Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Danja

Hajiya Danja,

Yaya tsayuwa, yaya rana? Na san ba ki da hutu sai ranar da aka ɗauke wuta.

Ƙorafi na kawo, Hajiya: ba kya duban mutane, agogo kike bi. Tun ranar da aka kafa ki aka ce ki ba gabas daƙiƙa kaza, kudu kaza, kika haddace, ba ƙari ba ragi. Bayan asuba titi fayau, ko akuya babu, amma ki tsare mutum ɗaya tilo yana hamma. Da la'asar kuma, 'yan kasuwa sun taso, layi ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa, sai ki kunna wa hannun da babu kowa kore. Mu muna nan muna ƙona fetur, mai fiya wata ya zagaye mu har ya fara tambayar lafiyar iyali.

Ba gori nake miki ba, kin fi kakarki hali. Ita da aka kafa a Landan kusa da majalisa a 1868 da iskar gas take aiki, kuma ba ta yi wata biyu ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke juya ta ciwo.

To ga albishir: 'yan uwanki na wasu birane an yi musu ido da kunne. A Sidni ta Ostireliya, tun shekarun 1970 suke da tsarin SCATS. Waya ce ake binnewa a cikin kwalta daidai layin tsayawa, tana jin ƙarfen duk motar da ta bi ta kanta. Idan motoci na wucewa a manne da juna, kwamfuta ta ƙara musu lokaci. Da tazara ta fara buɗewa, ta karɓe koren ta miƙa wa wani hannu. A Pittsburgh ta Amurka abin ya fi haka. A 2012 masanan Jami'ar Carnegie Mellon suka gwada Surtrac a mahaɗa 9. Kowace danja na hango abin da ke tafe da kyamara, ta tsara lokacinta da kanta, sannan ta aika wa maƙwabciyarta cewa ga ayari nan na sako miki, ki shirya. Suka ce lokacin tafiya ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, zaman jira kuwa da kashi 40. Ke fa, yaushe rabon da ki gaisa da danjar da ke gabanki? Ki sallame mu, mu yi taku kaɗan, ita ta tare mu da jan ido.

Sai dai kafin ki fara ɗinkin anko, akwai magana. Can an koya musu lissafin mota ɗaya a layi ɗaya. Nan kuwa adaidaita sahu uku ne a gurbin mota guda, mai babur ya kutsa tsakaninsu, ɗan garuwa da kurarsa ya tsaya a gaban kowa, ga tsohuwa da jikanta suna neman tsallakawa. Idan aka ba ki idon da mota kaɗai yake gani, rabin garin ba za su shiga lissafinki ba. Wayar cikin kwalta kuma, ranar da aka zo gyaran bututun ruwa diga ɗaya ta ishe ta. Kyamara sai an riƙa goge mata ƙurar hunturu, haka farantin sola, batirin kuwa sai an yi masa keji da kwado saboda masu dogon hannu.

Don haka idan masu kwangila suka zo da kaya a kwali, ki tambaye su wa zai dawo duba ki bayan an yanke kyalle an watse. Ki ce a fara gwada ki a mahaɗa biyu ko uku a jere, a kuma koya miki ƙirga keke napep da masu ƙafa.

Direbobin da ke wuce ki kina ja, ki bar ni da su, wasiƙarsu daban ce kuma ta fi wannan tsawo.

Naki,
Direban da ke layi na uku, bayan tirelar siminti.