Sa Ka Ji: Ire-iren Alƙalan Iyafis

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano akwai wani benci da nake zama a kai duk ranar da na kai gyara. A kan bencin nan na gane cewa Allah ya azurta mu da alƙalai, irin waɗanda ba su da kotu sai kunnuwansu. Mutum zai zo ya ce a ba shi iyafis ko hedfon, mai shago ya ɓare kwali ya ce, "Sa ka ji." Sai ya toshe kunnuwa, ya lumshe ido, ya karkatar da kai kamar kazar da ta hango shaho, kafin ka ƙirga goma ya yanke hukunci. Iyafis ɗaya ne, amma in mutum goma suka gwada shi hukunci goma za ka ji, kuma kowa a shirye yake ya rantse. Na daɗe ina tara su. Ga waɗanda na fi sani.

Sarkin Bes

Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Yana da bes?" Shi da haƙora da ƙashin ƙirji yake saurare, kunne ɗan rakiya ne. In bai ji kamar an ɗaura masa janareto a ƙeya ba, sai ya zare ya miƙa wa mai shago ya ce, "Wannan ai ruwa ne." Ka tambaye shi me mawaƙin ya ce, bai sani ba, bai ma lura akwai mawaƙi ba. Na taɓa kunna masa Ɗanmaraya Jos, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya saurara minti guda ya ce hedfon ɗin ya ƙone. Kada a raina shi, don ya fi kowa dangi. Lokacin da Dr. Dre da Jimmy Iovine suka fito da hedfon ɗin Beats a 2008, da nauyin bes suka ja samarin duniya, a 2014 kuma Apple ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3. 'Yan'uwan Sarkin Bes ne suka tara wannan dukiya, dum bayan dum.

Malam Mai Kwatance

Wannan in ya buɗe baki sai ka ɗauka a gidan abinci kake. "Sautin yana da ɗumi, amma gishirinsa bai ji ba. Saman ya yi tsami, tsakiyar ta yi kauri kamar kunun da ya kwana, ƙasan kuma babu mai." Daga abinci sai ya koma gine-gine. "Wannan ƙunci gare shi, makaɗan sun cunkushe kamar fasinjojin A Daidaita Sahu. Wancan kuwa filin Idi ne, ga mai kalangu can dama, ga 'yan amshi can hagu, iska na ratsa tsakaninsu."

In za a yi masa adalci, ba duka ne surutu ba. Hedfon mai buɗaɗɗen baya, irin wanda Sennheiser na Jamus ya fara fitarwa a 1968 da sunan HD 414, yakan sa ka ji kamar kiɗan ya fita daga cikin kanka ya bazu, sai dai na kusa da kai ma yana sha tare da kai. Inda Malam yake ɓata rawarsa da tsalle shi ne, hedfon ɗin da ya kira zuma ranar Litinin shi ne maɗaci ranar Alhamis, in ka bincika kuma mura ce ta kama shi ranar Laraba. Maiɗakinsa ta ce shekara goma sha biyu tana masa girki, abin da ya taɓa cewa game da miyarta bai wuce "an gode" ba.

Injiniya

Shi ba ya sa iyafis a kunne, bayan kwali yake juyawa. "Ka gani? 20 zuwa 20,000. Cikakke ne." Abin da bai gaya maka ba, wannan lamba iyakar jin ɗan'adam ce, daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri da kunnen yaro mai lafiya yake kamawa, kuma kusan kowane kwali ita ce a jikinsa, daga na tire zuwa na cikin gilashi. Ba ta faɗa maka wane sauti ne ya danne wane ba. Sannan saman nan yana zaizayewa da shekaru. Injiniya ya ba hamsin baya, wato gardama yake a kan sautin da sai jikarsa da jemagu suke ji. A wayarsa akwai hoton wani lanƙwasasshen layi, wanda masu bincike na kamfanin Harman ƙarƙashin Sean Olive suka fitar bayan sun gwada abin da yawancin masu saurare suka fi so. Da shi yake auna komai. Na tambaye shi ya daɗin sabon hedfon ɗinsa, ya ce bai kunna ba tukuna, amma layin ya yi kyau ƙwarai.

Alhaji Araha Ba Ta Ado

Alhaji da rasit yake ji. Kafin ya sa a kunne sai ya tambayi kuɗin, in an faɗi kaɗan, tun daga nan sautin ya fara shaƙewa. Ranar da aka ba shi labarin HE 1 na Sennheiser, wanda ya fito a 2015 a kan kusan Yuro 50,000, har da akwatin marmara da na'urar ke zaune a ciki, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, wannan shi ne hedfon." Bai taɓa ganinsa ba.

Wata rana wani ɗan'uwansa mai ƙiriniya ya sa shi ya rufe ido, ya gwada masa guda biyu, na Dubai da na bakin titi. Alhaji ya zaɓi na bakin titi, har da cewa, "Ai kuɗi ba ya ƙarya." Da ya buɗe ido bai ko girgiza ba, ya ce, "Yaro, ai na sani, kai nake gwadawa." Me yake saurare da wannan tsadadden abu? Saƙon murya daga yaransa na Kantin Kwari: "Alhaji, kaya sun iso, amma dila biyu sun jiƙe."

Mai Jiran Nuna

A wurinsa sabon hedfon ɗanye ne, sai ya nuna kamar mangwaro. Zai jona shi a tsohuwar waya, ya kunna kiɗa, ya rufe a durowa kwana huɗu. Mutanen gida suna jin raɗa daga cikin katako har an fara tunanin kiran mai ruƙiyya. Ranar da ya fito da shi zai ce, "Ka ji yadda ya buɗe?" Wani abu kam ya nuna, sai dai na fi zargin kunnen da ya saba, da zuciyar da ba ta son ta yarda an yi asarar kuɗi.

Mai Kunne Ɗaya

Wannan shi ne gwarzon talakawa. Ɓangaren hagu na iyafis ɗinsa ya rasu tun bara, na dama kuma yana jinya. Ya san daidai inda zai lanƙwasa waya, ya naɗe wurin da salatif, ya danne bakin jonin da babban yatsa, sannan ya zauna ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton fasfo. In ya yi atishawa, waƙa ta tafi. Ka ce ya sayi sabo, sai ya ce, "Me ya same shi? Ai garau yake. Da babu gara ba daɗi."

Tun 1958 John Koss ya fito da hedfon mai raba kiɗa gida biyu a Amurka, wani kayan kiɗa a dama, wani a hagu. Mutuminmu rabin gadon ya karɓa. Ranar da aka ara masa lafiyayye ya saurari waƙar da ya shekara yana ji, sai ya zabura ya ce, "Kai! Yaushe suka ƙara garaya a ciki?" Da aka shigo zamanin bulutut, musamman bayan Apple ya cire ramin jona iyafis daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, an zaci wahalarsa ta ƙare tunda babu wayar da za ta tsinke. Sati biyu da sayen nasa, guda ya faɗa kwata wurin alwala. Ya koma gidan jiya, kuma har ga Allah ya fi sakewa a can.

Baba Ɗan Kaset

Baba bai yarda an ƙara yin sauti ba tun bayan Walkman ɗin Sony, wanda ya fito a 1979, mai hedfon da soso ruwan lemo. A ce masa ga Shata an tace an wanke, sai ya saurara ya girgiza kai: "Sun cire masa rai." Ran da yake nufi shi ne shuuu ɗin nan na zaren kaset, da 'yar rawar murya in batir ya fara sanyi. Ban taɓa yi masa gardama ba. Na lura duk waƙar da ya ce ta fi daɗi a da, ya fara jin ta ne yana da baƙin gashi da sabon keke, yana juya kaset da biro a ƙofar gidan su Iya. Babu kamfanin da ya isa ya sa wannan a kwali.

Hajiya Ba Na Nan

Ita abin da take nema a hedfon shi ne shiru. Tarihi ya nuna Amar Bose ya fara tunanin hedfon mai kashe hayaniya ne a cikin jirgin sama a 1978, da rugugin inji ya hana shi jin kiɗa. Dabarar ita ce ƙaramin makirufo ya ɗauki ƙarar waje, na'ura ta fitar da kishiyarta, su biyun su kashe juna. Hajiya ta ji labari ta saya, ta sa a ƙarƙashin mayafi. Hukuncinta: "Ya cinye janareton maƙwabta da injin markaɗe, amma bai iya komai da Gwaggo ba." Gaskiyarta. Na'urar ta fi ƙarfi a kan gurnani mai tafiya bai ɗaya, muryar mutum kuwa hawa take da sauka ba sanarwa, balle ta uwar miji mai kira daga tsakar gida. Duk da haka tana sawa, sau da yawa ba ta ma kunna komai ba. Ta gano cewa mai abu a kunne ba a cika aikensa ba.

Mai Ciyar da Mota

Mun haɗu a motar Kano zuwa Kaduna. Shi ne ya sa iyafis, amma har direba yana amshi. A wurinsa daɗi da ƙara abu ɗaya ne, kuma masu shago sun san da haka, shi ya sa kafin su ce "sa ka ji" suke ƙure murya, don in aka gwada biyu kunne ya fi karkata ga wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ma'aunin ƙara 80, in ƙarar ta haura kuma lokacin raguwa yake da sauri. Na gaya masa haka a Kwanar Dangora. Ya zare guda ya ce, "Na'am?" Na maimaita. Ya ce, "Eh, orijina ne."

Mai Benci

Saura ɗaya, wanda yake zaune yana yi wa mutane dariya. Wata uku na yi ina ƙorafin cewa iyafis ɗin yanzu duk hagunsu ba ta da ƙarfi. Na sayi uku, na mayar da biyu, na yi wa wani bawan Allah mai shago wa'azi a kan amana har jama'a suka taru. Na ma fara shirin rubuta maƙala a kan yadda ake shigo mana da kayan da aka rage wa ɓangare guda. Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, juya su mana, ka sa na dama a hagu." Na juya. Hagu ce dai ba ta da ƙarfi.

Washegari ma'aikaciyar jinya ta leƙa kunnena da 'yar fitila, ta ɗauko sirinji da ruwan ɗumi. Abin da ya fito ba zan kwatanta shi a nan ba, ko Malam Mai Kwatance sai ya nemi uzuri. Da na fito titi sai na ji Kano ta ƙaru da rabi. Na wuce kai tsaye wurin mai shagon na ba shi haƙuri. Ya karɓa da fara'a, bai ce komai ba, ya ɓare wani sabon kwali ya miƙo mini.

Na sa, na lumshe ido, na karkatar da kai. Kafin a ƙirga goma na ji bakina yana cewa, "Ba laifi, amma gishirinsa bai ji ba."